Raymond Loewy, Mutumin Da Ya Ɗinka Wa Injuna Riga

Duk wanda ya yi aikin ofis ko ya yi makaranta a ƙasar nan kafin zuwan kwamfuta ya san injin gurza takardu na Gestetner. Da shi ake gurza takardun sanarwa a ma'aikatu, da shi ake gurza takardun jarrabawa a makarantu. Mai tafireta ya buga rubutu a kan takardar kaki, masinja ya ɗaura ta, ya matsa tawada, ya yi ta juya hannun injin har takardu su cika. Amma kaɗan ne suka san cewa a kan kakan waɗannan injuna ne wani Bafaranshe mai suna Raymond Loewy ya fara sana'ar da ta sa sunansa ya zagaya duniya, watau sana'ar tsara fasalin kayan masana'antu: siffarsu, da launinsu, da kwalin da ake zuba su, da tambarin da ake manna musu.

An haifi Loewy a birnin Paris ran 5 ga watan Nuwamba, 1893. Ubansa ɗan jarida ne. Tun yana yaro ba abin da ke ɗaukar hankalinsa kamar jiragen ƙasa da motoci, yakan zauna ya yi ta zana su a takarda. Ya fara karatun injiniya, sai Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke cikin 1914, aka ɗauke shi soja. Ya yi yaƙin har ƙarshensa, ya kai muƙamin kyaftin, aka kuma ba shi lambar yabo ta jaruntaka. Da aka gama yaƙi ya ga ba abin yi a gida, sai ya hau jirgin ruwa zuwa Amurka cikin 1919. Ya sauka New York da kayan sojansa a jiki da 'yan kuɗi kaɗan a aljihu.

Aikin injiniya ya je nema, amma alƙalamin zane ne ya ci da shi. Ya yi wajen shekara goma yana shirya kaya a tagogin manyan kantuna, yana kuma zana hotunan tufafin mata a mujallun Vogue da Harper's Bazaar. Ya sami kuɗi, amma hankalinsa bai kwanta ba. Abin da ya dame shi shi ne kayan da masana'antun Amurka ke fitarwa. Suna da ƙarfi, suna aiki sosai, amma ga muni, ga ƙara, ga wuyar shara. Injiniya yakan ƙera inji ne yadda zai yi aiki kawai, ya bar haƙoran ƙarfe da ƙusoshi a waje, bai damu da idon mai saye ko hannun mai aiki da shi ba.

Cikin 1929 sai Sigmund Gestetner, mai kamfanin injunan gurza takardu na Landan, ya kawo masa injinsa ya ce ya gyara masa kamanninsa cikin 'yan kwanaki. Injin nan a lokacin duk kayan cikinsa a fili suke, ƙura da tawada suna taruwa a kansu, ƙafafunsa kuma sun baje waje har mutum yakan yi tuntuɓe da su. Loewy bai taɓa yadda injin ke aiki ba. Sai ya samo yumɓu ya lulluɓe shi, ya yi ta sassaƙa har ya fitar da siffar murfin da zai rufe duk abin da mai aiki ba ya bukatar taɓawa. Ya miƙar da ƙafafun, ya gyara hannun juyawa. Injin ya zama mai sauƙin gogewa, ba ya kama yatsa ko hannun riga, ya kuma dace da zaman ofis. Kamfanin ya yi shekaru masu yawa yana sayar da shi a wannan siffa.

A shekarar nan ce kuma tattalin arzikin Amurka ya karye, masana'antu suka cika da kayan da ba mai saye. Wannan masifa ita ta buɗe wa Loewy ƙofa. Hujjar da yake kai wa masu kamfanoni mai sauƙi ce: in kaya biyu sun yi daidai a kuɗi da inganci, to wanda ya fi kyan gani shi zai riga fita daga kanti. 'Yan kasuwa da dama sun yi masa dariya, har sai da kamfanin Sears ya ba shi aikin firjinsa mai suna Coldspot cikin 1934. Kafin nan firji wani akwati ne a kan dogayen ƙafafu. Loewy ya mai da shi fari sumul mai zagayayyun kusurwoyi, ya sa masa shantulan alminiyam waɗanda ba sa tsatsa, ya kuma yi masa marikin ƙofa wanda uwargida za ta iya buɗewa ko da hannayenta biyu suna riƙe da kwanuka. Cinikin firjin ya ninka sau da yawa cikin 'yan shekaru. Daga nan masu dariya suka koma layi a ƙofar ofishinsa.

Burinsa na yarinta kuwa, watau jirgin ƙasa, ta ƙaramar ƙofa ya shige shi. Da ya je neman aiki a kamfanin jiragen ƙasa na Pennsylvania, kwandon shara na tasha aka ba shi ya tsara, don a gwada shi. Bai raina ba, ya yi shi yadda ya kamata. Sa'an nan aka ba shi kan jirgi mai aiki da lantarki wanda ake kira GG1. Ya ba da shawara a daina haɗa jikinsa da dubban ƙusoshi, a yi masa walda ya zama sumul, abin da ya rage kuɗin ƙira da na wanki. Ya kuma ja masa layuka biyar masu ruwan zinariya daga goshi zuwa wutsiya. Irin wannan kan jirgi ya yi ta jan kaya da fasinja har 1983. Cikin 1938 Loewy ya zama ɗan ƙasar Amurka.

Aikinsa da ya fi nuna ƙarfin kwali a ciniki shi ne na taba sigari mai suna Lucky Strike. Cikin 1940 shugaban kamfanin, George Washington Hill, ya ƙalubalance shi da Dala 50,000 in har zai iya gyara kwalin ya fi yadda yake. Kwalin kore ne mai duhu, da jan da'ira a fuska ɗaya. Loewy ya yi abu biyu kawai. Ya mai da koren fari, abin da ya rage kuɗin tawada ya kuma sa kwalin ya yi kama da abu mai tsabta. Sa'an nan ya sa jan da'irar a fuska biyu, ta yadda ko yaya aka ajiye kwalin a kan tebur, ko aka yar da shi a titi, sunan tabar yana kallon mutane. Ya karɓi kuɗinsa, ciniki ya ƙaru. Yau da likitoci suka tabbatar taba tana jawo ciwon daji da ciwon zuciya, wannan aiki ya zama abin tuni cewa gwanintar da ke sayar da firji ita ce ke sayar da guba. Saboda sanin ƙarfin kwali ne ƙasar Ostareliya ta fara aiki da doka cikin 2012 cewa a sayar da taba cikin kwali mara ado, wasu ƙasashe kuma suka bi sahunta.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ofishin Loewy ya zama babban kamfani mai ɗaruruwan ma'aikata, da rassa a Landan da Paris. Cikin watan Oktoba na 1949 mujallar Time ta sa hotonsa a bangonta. Cikin 1951 ya wallafa littafin tarihin rayuwarsa, inda ya bayyana ƙa'idar da yake aiki da ita. A ganinsa mutane suna son sabon abu, amma suna tsoron baƙon abu. Saboda haka aikin mai tsara kaya shi ne ya kai su iyakar sabuntar da za su iya karɓa, ya tsaya nan. In ya wuce, kaya su kwana a kanti. In ya gaza, abokin gasa ya wuce shi. Masu koyon wannan sana'a har yanzu suna karanta wannan ƙa'ida.

To, amma ba a rasa masu sukarsa ba, kuma sukar tana da tushe. Wasu masana sun ce riga kawai yake ɗinka wa kaya don a saya, har da abin feƙe fensir ya yi wa siffar abin da zai tsaga iska, alhali kuwa a kan tebur zai zauna. Sun kuma zargi sana'ar tasa da koya wa mutane yar da abin da bai lalace ba don an fito da sabon yayi. Suka ta biyu ta fi zafi. Duk abin da ya fito daga ofishinsa da sunansa yake fita, ko da wani ne ya zana. Motar Studebaker ta 1947 yawancin aikinta na Virgil Exner ne, wanda suka ɓata da Loewy a kan wannan magana. Ta 1953 kuwa, wadda ake lissafawa cikin motoci mafi kyau da Amurka ta taɓa ƙerawa, Robert Bourke ne ya zana ta. Ma'aikatansa da dama sun ga abin kamar kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Masu kare shi sun ce shi ke nemo aikin, shi ke zaɓen zanen da za a bi, shi kuma ke shawo kan shugabannin kamfani su yarda. Sunansa ya yi girman da har ake jingina masa kwalbar Coca-Cola, alhali wani kamfanin gilashi mai suna Root ne ya fito da ita tun 1915. Abin da Loewy ya yi wa Coca-Cola shi ne gyaran injunan zuba lemo da wasu kayansu na baya.

Kamfanin Studebaker ɗin nan shi ya nuna iyakar abin da kyan siffa zai iya yi. Cikin 1961, da kamfanin ya ga yana nitsewa, sai ya nemi Loewy ya fito masa da motar da za ta cece shi. Ya tara 'yan ma'aikata kaɗan a wani gida a Palm Springs, cikin 'yan makonni suka fito da motar Avanti. Kowa ya yaba, amma masana'antar ta kasa ƙera ta da yawa a kan lokaci, masu saye suka gaji da jira. Ƙarshen 1963 aka rufe babbar masana'antar kamfanin, cikin 1966 kuma ya daina ƙera mota gaba ɗaya.

Duk da haka manyan ayyuka ba su daina zuwa ba. Cikin 1962 ya zauna da Shugaba John Kennedy suka tsara launin jirgin saman shugaban Amurka, shuɗi da fari, launin da jirgin ya riƙe fiye da shekara sittin. Daga 1967 zuwa 1973 hukumar NASA ta ɗauke shi ya ba da shawara a kan Skylab, watau ɗakin binciken da mutum uku za su zauna a ciki watanni a sararin samaniya. Injiniyoyi sun damu da iska da wuta da nauyi, shi kuwa ya damu da mutanen. Ya nace a ba kowa ɗan wurin kwanansa shi kaɗai, a yi teburin da za su ci abinci tare suna fuskantar juna, a kuma huda taga wadda za su riƙa hango duniya ta ciki. Injiniyoyi sun ƙi tagar da farko, daga baya aka sa ta, ta kuma zama wurin da 'yan sama jannatin suka fi son zama in sun tashi daga aiki.

A fagen tambari ma hannunsa ya kai nesa. Ofishinsa ne ya yi tambarin Exxon, da mikiyar ma'aikatar gidan waya ta Amurka ta 1970. Cikin 1971 ya gyara tambarin kamfanin mai na Shell, watau hoton ƙumbar teku mai ja da rawaya. Ya rage layukansa, ya kaurara gefensa, don direba ya gane shi daga nesa ko da dare ko cikin hazo. Tambarin ya zauna a idon mutane har daga baya kamfanin ya ga ba ya bukatar rubuta sunansa a ƙarƙashi, wanda ya yi karatu da wanda bai yi ba duk sun san shi.

Ƙarshen aikinsa bai zo da daɗi ba. Ya ƙulla harka da Tarayyar Sobiyat don tsara motoci da wasu kaya, harkar ba ta haifar da abin da ya zata ba, ofishinsa na New York kuma ya karye cikin 1977. Cikin 1980 ya yi ritaya ya koma Faransa. Ya rasu a Monte Carlo ran 14 ga watan Yuli, 1986, yana da shekara 92.

Lokacin da ya sauka New York, sana'ar tsara fasalin kaya ba ta da ko suna. Shi da wasu takwarorinsa, irin su Henry Dreyfuss da Walter Teague, suka kafa mata ƙungiya cikin 1944. Kafin ya rasu ta zama fannin da ake karantawa a jami'o'i, kuma ba babban kamfanin da zai fito da sabulu ko rediyo ko mota ba tare da ya nemi mai wannan ilmi ya duba siffarsu da kwalinsu ba.