Dokta Cicely Williams, Likitar da Ta Saurari Iyaye Mata

An haifi Cicely Williams a tsibirin Jamaika ranar 2 ga Disamba, 1893. Ta yi karatun likita a Jami'ar Oxford ta Ingila, a zamanin da mata ƙalilan ne ake bari su shiga wannan fage. A 1929 aka tura ta aiki ƙasar Gwalkwas, wato Gana ta yau.

A asibitin yara na Akkara ta riƙa ganin wata cuta da ba ta cikin littattafan da ta karanta. Yaro ɗan shekara biyu ko uku sai ƙafafunsa su kumbura, gashinsa ya yi ja, fatarsa ta riƙa saɓulewa, ya daina wasa, daga bisani ya mutu. Maimakon ta raina sanin mutanen gari, yadda Turawa da dama suka saba, sai ta tambayi matan. Ashe suna da sunan cutar a harshen Ga: kwashiyoko, ciwon yaron da ƙanensa ya ture daga nono. Mu ma a nan mukan ce yaro ya sha ciki. Ta bi diddigi, ta gano cewa bayan yaye ba a ba yaran komai sai kokon masara, irin wanda ake damawa a Ushafa da sauran ƙauyukanmu. Ciki yana cika, amma babu abin gina jiki. Da ta ba su madara da man hantar kifi, da yawa suka farfaɗo.

Ta buga bincikenta a 1933 da 1935. Wasu manyan likitocin Landan suka ce ta yi kuskure, wai tsohuwar cuta ce da aka sani. Ita ce da gaskiya.

A Singafo, cikin 1939, ta tsaya gaban manyan gari ta kira tallar madarar gwangwani ga matalauta masu jego kisan kai. Da Japanawa suka ci birnin a 1942 suka tsare ta fiye da shekara uku. Jarirai 20 aka haifa a sansanin, duka aka shayar da su nonon uwa, babu wanda ya mutu.

A 1948 ta zama shugabar farko ta sashen lafiyar uwa da yaro a Hukumar Lafiya ta Duniya. Ta rasu a Oxford ranar 13 ga Yuli, 1992, tana da shekara 98.