Malam Zaki, Ɗan Baƙon Da Ya Kafa Katagum

Duk wanda ya taɓa yin salla a Azare ya ga hawa: dawaki cikin ado, mahaya da sulke da kwalkwali, 'yan bindiga na sakin albarushi, maroƙa na kiran sunayen mazan jiya. Mu da muke zaune nesa da gida, in mun kai yaranmu kallo sai su sha rake su dawo, ba su san wa ake tunawa ba. To sunan da ke kan gaba shi ne Malam Ibrahim Zaki, Allah ya jiƙansa.

Mu mutanen Chinade muna da rabo babba a labarinsa, domin a Yayu, nan kusa da mu, gidansu yake. Mahaifinsa Malam Lawan ba ɗan ƙasa ba ne. Malami ne da ya zo daga gabas ya sauka, aka karɓe shi, har aka ba shi aure a gidan sarautar garin. Wato dai Malam Zaki ɗan baƙo ne, kamar yadda ake kiran 'ya'yanmu a nan inda muke zaune. Ya tashi cikin karatu, kuma da malantar aka fara saninsa tun kafin takobi.

Da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya fara jihadi a 1804, Malam Zaki na cikin waɗanda suka karɓi tuta. Tashena da Shira suka shiga hannunsa. Daga nan ya fuskanci Barno. A 1808 Gwani Muktar ya ci Birnin Gazargamu, amma ba a daɗe ba aka kashe shi, Barebari suka koma birninsu. Malam Zaki ya sake cin birnin, sai dai shi ma bai iya riƙe shi ba, saboda Shehu Laminu ya tsaya wa Mai na Barno. Abin da ya rage masa daga wannan yaƙi shi ne sarautar Sarkin Barno, wadda sarakunan Katagum suka gada.

A ganinmu, babban aikinsa yana bayan wannan ne. Da ya dawo, sai ya zaɓi wuri a bakin kogi, kan hanyar fatake tsakanin Kano da Barno, ya kafa garin Katagum. Duk wanda ya taɓa kafa rumfa a sabuwar kasuwa ya san gari ba ya tsayuwa da mayaƙa kaɗai. Sai da magina ganuwa, maƙera masu mashi da fartanya, dukawa masu sirdi da linzami, masaƙa da marina. Kayan dokin nan da muke tafa wa hannu ranar hawa, aikin irin waɗannan mutane ne, amma da wuya ka ji maroƙi ya ambace su. Wannan yana damunmu.

Malam Zaki bai daɗe yana cin moriyar garin ba, ya rasu a 1814. Liman Adandaya ya gaje shi, sannan Ɗankauwa. A zamanin Ɗankauwa ne Baturen Ingila Kilafaton ya sauka Katagum a 1824. Ya tarar da gari mai ganuwa, kuma a nan ya fara ganin ana ciniki da wuri tun da ya baro Barno. Shekara goma kacal ke nan bayan rasuwar mai garin.

A 1916, zamanin Turawa, aka mai da fadar Azare. Tsohon garin yana nan, shi ne hedikwatar Ƙaramar Hukumar Zaki, wadda aka sa wa sunansa.