Audu Bako: Gwamnan da Ya Tara wa Kano Ruwa

An haifi Alhaji Audu Bako a Kaduna a 1924, ɗa ne ga ɗan sanda, shi ma ya shiga aikin ɗan sanda a 1942. Da Janar Yakubu Gowon ya ƙirƙiro jihohi 12 a 1967, sai ya naɗa shi gwamnan Jihar Kano na farko, lokacin Jigawa tana cikinta.

Babban abin da ya sa a gaba shi ne ruwa. A wancan zamani yawancin ƙauyuka sun dogara ne da rijiya, kududdufi da tonon rafi, ga kurkunu yana kwantar da manoma a tsakiyar damina. Ya gina madatsar Bagauda, sannan ta Tiga wadda aka kammala a 1974, daidai lokacin da fari ya addabi ƙasar Hausa. Aikin bai tsaya da saukarsa a 1975 ba. Ƙananan madatsu sun ci gaba da yaɗuwa, irin su Guzuguzu a Kabo, daga baya kuma aka gina ta Challawa a Ƙaraye, maƙwabciyar Gwarzo da Kabo.

Ya rasu a 1980. A wannan shekarar ce kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 1981 zuwa 1990 domin samar da tsabtataccen ruwan sha da tsabtar muhalli a ƙasashe matalauta. Tallafin hukumomi irin su UNICEF da Cibiyar Carter, ta hanyar rijiyoyin burtsatse da ƙyallen tace ruwa, ya taimaka har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2013 cewa Nijeriya ta rabu da kurkunu.

Sai dai tara ruwa daban, tsabtace shi daban. Ruwan madatsa da na hanyoyin ban ruwa matattara ce ta dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya, shi ya sa yaran da ke wanka a ciki suke fitsarin jini. Shan sa ba a tafasa ba kuma yana kawo amai da gudawa da taifot, musamman inda ake bahaya a fili.

Audu Bako ya yi nasa. Namu shi ne mu tafasa ruwan sha ko mu sa masa sinadarin kulorin, mu haƙa masai nesa da rijiya, mu wanke hannu da sabulu. Yaron da ya fara fitsarin jini kuwa a kai shi asibiti, tsargiya tana da magani. Allah Ya jiƙansa da rahama.