Booker T. Washington da Jarrabawar Tsintsiya

Ran da na fara zuwa kwalejin nan aka nuna mini gadona, aka ba ni zanen gado biyu. Ni kuwa a tabarma na saba kwana, ko a makarantar mishan da na yi ma haka ne. Na rasa yadda zan yi da su, kunya kuma ta hana ni tambaya, sai na naɗe su na yi matashin kai. Daga baya na karanta labarin wani babban malami wanda irin wannan abu ya taɓa samunsa. Labarinsa na ke so in ba ku, musamman ku sababbin zuwa.

An haifi Booker T. Washington cikin bauta a Virginia ta ƙasar Amurka a shekarar 1856. Da aka 'yanta bayi a 1865 sai gidansu suka koma wani gari da a ke kira Malden. A can ya yi aiki a wurin dafa gishiri, ya kuma shiga ramin haƙar kwal. Cikin ramin ne ya ji waɗansu ma'aikata biyu suna zancen wata makaranta a Hampton, inda Baƙar fata marasa hali kan biya kuɗin abincinsu da aikin hannu. Makarantar horon malamai ce kamar tamu, wadda Janar Samuel Armstrong ya kafa a 1868. Yau ta zama jami'a.

Kafin ya tafi ya yi boyi a gidan wata Baturiya mai tsanani, Mrs. Ruffner, wadda ba ta yarda ta ga ko ƙura kaɗan. Ku riƙe wannan, zai yi amfani a gaba.

A 1872, yana da shekara 16, ya kama hanya. Tafiyar wajen mil 500 ce, wani wuri a keken doki, wani wuri a ƙasa. Ya isa birnin Richmond ba ko anini, ya riƙa kwana ƙarƙashin katakon da mutane ke bi a gefen titi, da rana yana sauke ƙarfe daga jirgin ruwa. Sa'ad da ya isa Hampton rabin dala kaɗai ya rage masa.

Babbar malama, Miss Mary Mackie, ta dube shi duk dauɗa, ba ta ce ta karɓe shi ba, ba ta kuwa kore shi ba. Yana tsaye yana gani a na karɓar waɗansu. Can sai ta ce ya share wani aji. Ya share sau uku, ya goge sau huɗu, har bayan kujeru da kusurwoyi. Ta zo ta shafa farin ƙyalle a jikin katako da tebur, ba ta sami ƙura ba, sa'an nan ta karɓe shi. Watau horon gidan Mrs. Ruffner shi ya ci masa jarrabawa.

To, shiga dabam, zama dabam. Kuɗin abinci dala 10 ne a wata, saboda haka aka ba shi aikin kula da ɗakuna. Ya kan tashi da ƙarfe huɗu na asuba ya hura wuta, ya ɗan duba darasi kafin a shiga aji. Kuɗin karatu, dala 70 a shekara, wani mai taimako ne Armstrong ya samo ya biya masa. Tufafinsa ɗaya ne, ga shi kuwa a na jera su a duba takalmi da maɓalli, har malamai suka taimake shi da gwanjo. Yawancin abokan karatunsa sun girme shi, akwai masu shekara 40.

Amma abin da ya fi zame masa baƙo, ƙananan abubuwa ne: cin abinci a kan lokaci, zanen tebur, wanka kullum, buroshin haƙori. Da aka ba shi zanen gado biyu, daren fari ya shiga ƙarƙashinsu duka, dare na biyu ya kwanta bisansu duka. Sai da ya lura da sauran yara ya gane tsakaninsu a ke shiga. Shi da kansa ya rubuta wannan cikin tarihin rayuwarsa da aka buga a 1901, sa'ad da ya riga ya yi suna, bai ɓoye ba.

Shekarar fari ta ƙare makaranta na binsa dala 16. Ba shi da kuɗin zuwa gida hutu, sai ya kama aiki a wani gidan abinci, amma bai iya tara kuɗin ba. Maimakon ya gudu, ya tafi wurin ma'aji, Janar Marshall, ya gaya masa gaskiya. Aka yarda ya koma aji, ya biya in ya samu.

Ya gama a 1875, ya koma Malden ya koyar. A 1881 ya buɗe makarantar Tuskegee a Alabama da almajirai 30, ya shugabance ta har ya rasu a 1915. Ba kowa ya yarda da hanyarsa ba. A 1903 W. E. B. Du Bois ya zarge shi da cewa ya ƙarfafa koyon sana'a, ya yi sanyi wajen neman haƙƙin Baƙar fata. Wannan gardama ce ta wata rana.

Abin da ya dame ni shi ne, bara wani ɗan ajinmu mai ƙwaƙwalwa ya tattara kayansa ya koma gida tun ba a yi wata biyu ba. Ba lissafi ya kore shi ba, dariyar da aka yi masa a ɗakin cin abinci ce, ni ma kuwa ina cikin masu dariyar. Ku sababbi, ku lura, ku yi tambaya, matambayi ba ya ɓata. Mu kuma tsofaffi, in mun ga wani riƙe da zanen gado yana dube-dube, mu nuna masa a asirce.