Ali ɗan Ridwan: Ɗan Mai Gasa Burodi Da Ya Ga Mutuwar Tauraro

'Yan uwa, a shekara ta 396 bayan Hijira, wato 1006, wajen ƙarshen watan Afrilu, wani baƙon tauraro ya bayyana can ƙasa-ƙasa a sararin kudu. Mutanen Sin da Japan sun rubuta labarinsa. A Masar kuma wani matashi ɗan shekara kusan 18 ya zuba masa ido, sunansa Ali ɗan Ridwan.

A Giza aka haife shi, babansa mai gasa burodi ne, talaka tilis. Kuɗin biyan malami babu, don haka daga littattafai ya koyi likitanci, abinci kuwa da duban taurari yake samunsa a bakin hanya. Wannan sana'a dai mun san hukuncinta, bokanci ce, ba za mu yi mata kwalliya ba. Shi kansa tauraron ya ɗauke shi alamar fitina da yunwa, nan kam ya kauce.

Amma fa mutumin ya iya kallo. A sharhin da ya yi wa littafin Batlimus ya faɗi inda tauraron ya tsaya, ya ce girmansa ya ninka na Zara sau biyu da rabi zuwa uku, haskensa kuma ya ɗara rubu'in hasken wata. Yau masana sun gano cewa tauraro ne ya tarwatse gaba ɗaya, abin da suke kira sufanoba, a nisan da haske ke shafe shekara kusan 7,000 kafin ya iso mu. A 1965 aka hango ɓaraguzansa da na'urar rediyo, kuma har gobe ana komawa ga bayanin Ali.

Daga baya ya zama babban likita a daular Faɗimiyya, ya rubuta littafi kan cututtukan Masar da ruwanta da iskarta. Ya yi zazzafar muhawara da Ibnu Buɗlan, likitan Bagadaza, har kan ra'ayinsa cewa littafi ya fi malami. Ni dai a nan ina tare da mutumin Bagadaza.

Ƙarshensa akwai ban tausayi. Masu tarihi sun ce wata marainiya da ya raina ta kwashe dukiyarsa ta gudu, hankalinsa ya taɓu. Ya rasu wajen 453 bayan Hijira. Allah Ya gafarta masa.