Pete Maravich: Gwanin Ƙwallon Kwando Da Ciwon Gwiwa Ya Tsayar

An haifi Pete Maravich ranar 22 ga Yuni, 1947, a garin Aliquippa na jihar Pensilbaniya a Amurka. Mahaifinsa, Press Maravich, kociyan ƙwallon kwando ne, shi ya fara koya masa wasan tun yana ƙarami. Yaron ya taso yana shafe sa'o'i kullum yana atisaye, har aka yi masa laƙabi da Pistol Pete saboda yadda yake jefa ƙwallo daga gefen ƙugu.

A Jami'ar Jihar Louisiana, inda mahaifinsa yake horar da ƙungiyar, ya ci maki 3,667 a wasanni 83 tsakanin 1967 da 1970, wato kimanin maki 44 a kowane wasa. Har yau babu namijin da ya kamo shi a babban rukunin gasar jami'o'in Amurka. A 1970 ya shiga gasar ƙwararru ta NBA da ƙungiyar Atlanta Hawks, a 1974 kuma ya koma New Orleans Jazz. A kakar 1976 zuwa 1977 ya fi kowa cin maki a gasar, har ya ci 68 a wasa guda da New York Knicks.

Ranar da gwiwa ta juya

Ranar 31 ga Janairu, 1978, a wasa da Buffalo Braves, ya yi tsalle ya wurga ƙwallo ta tsakanin ƙafafunsa, ya dira ba daidai ba, gwiwarsa ta dama ta murɗe. Raunin ya shafi guringuntsin da ke cikin gwiwa, wanda likitoci ke kira meniskus. Wannan guringuntsi guda biyu ne a kowace gwiwa, suna zaune kamar matashi tsakanin ƙashin cinya da ƙashin ƙwauri, suna rage ƙarfin bugun da gaɓar ke sha idan mutum ya yi gudu ko ya dira. Ya rasa wasanni 32 a wannan kakar, daga baya aka yi masa tiyata.

Ya dawo da ƙarfen tallafe gwiwa a ƙafarsa, amma saurinsa bai dawo ba. A kakar da ta biyo baya wasanni 49 kawai ya buga cikin 82. Da ƙungiyar ta koma jihar Utah a 1979, ciwon ya hana shi yin atisaye yadda ya kamata, kociya kuma ba ya sa wanda bai yi atisaye ba, sai ya zauna a benci makonni da dama. A Janairun 1980 aka sallame shi, ya ƙarasa kakar da Boston Celtics, sannan ya yi ritaya yana da shekara 33.

Abin da ya sauya a wajen likitoci

A zamaninsa babu hoton MRI a asibitoci, don haka gano ainihin abin da ya yage a cikin gwiwa yana da wuya. Likitoci da yawa a lokacin sukan cire guringuntsin da ya yage gaba ɗaya. Yanzu an san cewa cire shi yana sa ƙasusuwan gaɓar su riƙa gogar juna, abin da ke jawo amosanin gwiwa da wuri. Shi ya sa a yau, musamman ga matashi, ake ƙoƙarin ɗinke shi ko a rage ɓangaren da ya lalace kaɗai, ta ƙananan ramuka da kyamara. Bayan ɗinki ɗan wasa yakan yi watanni yana motsa jiki a hannun likitan gashi kafin a bar shi ya koma fili.

Rasuwarsa

A 1987 aka shigar da shi zauren tunawa da gwanayen ƙwallon kwando. Ranar 5 ga Janairu, 1988, yana wasan nishaɗi a wani coci a garin Pasadena na jihar Kalifoniya, ya yanke jiki ya faɗi, ya rasu yana da shekara 40. Binciken gawa ya nuna an haife shi ba tare da jijiyar hagu mai kai wa zuciya jini ba, ya rayu da ta dama kaɗai ba tare da an taɓa ganowa ba.

Darasi ga matasan 'yan wasa da iyayensu

Gwiwar da ta kumbura cikin sa'o'i bayan murɗewa, ko take maƙalewa ta ƙi miƙewa, ko take sullewa idan an taka, tana buƙatar likitan ƙashi. A dakatar da wasa, a ɗora ƙanƙara da aka naɗe a tawul na minti 15 zuwa 20, a ɗaga ƙafar, a tafi asibiti. Shan maganin kashe zafi don a samu a buga wasa yana ɓoye ciwon ne, yagewar kuma tana iya ƙaruwa. Ƙarfafa tsokar cinya da ta ƙugu, koyon dira da gwiwa a lanƙwashe, da ƙara nauyin atisaye a hankali suna rage haɗarin rauni. Haka nan duk matashin da ke jin ciwon ƙirji, jiri ko suma yayin wasa ya daina har sai an duba zuciyarsa.