Mélomé Clément: mutumin da ya riƙe Poly-Rythmo shekara 44

Mélomé Clément, wanda ya rasu a watan Disamba na 2012, shi ne ya kafa kuma ya jagoranci Orchestre Poly-Rythmo, ƙungiyar makaɗan da ta fi kowace yin suna a tarihin Kwatano.

Tushen ƙungiyar ya faro ne tun ƙasar na amsa sunan Dahomey, da wata ƙaramar tawaga mai suna Sunny Black's Band. Daga baya ta zama Poly-Rythmo. Clément na busa saksofon, yana rubuta waƙa, yana kuma tsara kiɗa. Dabararsa ita ce ɗauko kiɗan gargajiya na sato da sakpata, na al'adun vodun, ya ɗora su a kan jita da ƙahonin zamani, ya gauraya da salon James Brown na Amurka da na ƙasar Kyuba. Sun yi waƙoƙi da harsunan Fon, Mina, Yarbanci da Faransanci.

Shekarun 1970 su ne lokacin da tauraruwarsu ta haska. Kamfanin Albarika Store na Adissa Seidou ya riƙa tsallaka da su iyaka zuwa ɗakin ɗaukar sauti na EMI a Legas, ta hanyar da fataken Zongo suka sani sarai. Waƙar Gbeti Madjro ta karaɗe gari, kuma jimillar abin da suka naɗa ya kai ɗaruruwan waƙoƙi.

Daga nan sai al'amura suka juya. A farkon shekarun 1980 mutuwa ta ɗauke mai jita Bernard Zoundegnon, wanda ake kira Papillon, da mai ganga Yehouessi Léopold. Tattalin arziki ya durƙushe a ƙarƙashin mulkin Mathieu Kérékou, wuraren wasa suka ragu. Duk da haka Clément bai bari ƙungiyar ta watse ba, ko da yake sunanta ya dusashe.

Mai haƙuri yakan dafa dutse. Kamfanin Soundway na Ingila da Analog Africa na Jamus suka tono tsofaffin faya-fayansu suka sake bugawa. 'Yar jaridar Faransa Élodie Maillot ta nemo su, kuma a 2009 suka yi rangadinsu na farko a Turai, bayan shekara 40 da kafuwa. A 2011 suka fitar da faifan Cotonou Club, wanda Angélique Kidjo ta sa murya a ciki.

Clément bai daɗe yana cin moriyar wannan farfaɗowa ba. Bayan rasuwarsa, sauran abokan tafiya, cikinsu har da mawaƙi Vincent Ahehehinnou, suka ci gaba da riƙon amanar, inda suka fitar da faifan Madjafalao a 2016.